Jarrabawa, bikin ranar haihuwa da yawon gari: yadda ɗalibi zai haɗa su a Alƙahira

Duk ɗalibin da aka haifa a Janairu, ko tsakanin tsakiyar Mayu da ƙarshen Yuni, in dai a Alƙahira yake karatu, to ya kwana da sanin cewa kowace shekara ranar haihuwarsa za ta ci karo da jarrabawa. Haka tsarin jami'o'in Masar yake tafiya. Zangon farko yana ƙarewa da jarrabawa daga ƙarshen Disamba zuwa cikin Janairu, a ba da hutun tsakiyar shekara na kimanin mako 2, sannan zango na biyu ya rufe da tasa jarrabawar a Mayu da Yuni, daidai lokacin da zafi ya kankama.

Yanka kek da cin shinkafa ba sa kayar da kowa. Awa 2 sun ishe su. Abin da ke yin ɓarnar shi ne abin da ke kewaye da su: cunkoson hanya, barcin da aka rasa, da kuɗin da aka ƙarar tun wata bai raba ba. Wanda ya iya lissafin waɗannan ukun zai yi bikinsa, ya ga gari, kuma ya shiga ɗakin jarrabawa da hankalinsa a jikinsa.

Fara da jadawali

A kulliyoyin addini na Azhar, irin su Usuluddin da Shari'a da Lugga waɗanda na maza suke unguwar Darrasa, kusan duk makin darasi a kan jarrabawar ƙarshe yake rataye. Ba a cika matsa wa mutum kan zuwa aji ba, shi ya sa da yawa ke sakin jiki har sai an kafe jadawali. Ga shi muƙarrar, wato littafin da dukturin darasin ya rubuta, yakan makara bai fito ba, tahdidin da ke fayyace babin da zai shiga da wanda aka cire kuma sai a makonnin ƙarshe ake jin sa. Wanda ya faɗi darasi 1 ko 2 zai wuce aji na gaba yana ɗauke da su a wuya. Wanda ya faɗi 3 kuwa sai ya maimaita shekara, ya sake biyan hayar shekara guda, ya sake sabunta iƙama, wato izinin zama a ƙasar, mai minha (tallafin karatu) kuma abin yana iya taɓa minharsa. Wannan shi ne nauyin da ake sa wa a ɗaya gefen sikeli kafin a ce za a fita yawo.

Ranar da jadawali ya fito, kada ka tsaya ga ɗaukar hotonsa a waya. Kwafe shi a takarda da hannunka, a gaban kowane darasi ka rubuta yawan shafukan da suka rage bayan tahdid, sannan ka raba su da kwanakin da ke tsakaninsa da darasin da ya gabace shi. A ce Tafsiri shafi 240 ne kuma kwana 3 ne a tsakani, kenan shafi 80 kullum, shi ma in bita kake yi ba karatun farko ba. Nan take za ka ga cewa wannan tazarar da ta yi kama da hutu ba hutu ba ce. Tazarar da ta fi yaudarar mutane ita ce ta kwana 3 zuwa 4, domin rana ta farko takan tafi a barci da wanki da "ai da sauran lokaci", ta ƙarshe kuma a firgici.

In tazarar kwana 1 ce, babu biki. A yi wa mai ranar addu'a, a ɗage. In kwana 2 ce, abinci a gida bayan Magariba, kowa ya watse kafin 10 na dare. In ta kai kwana 4 ko fiye, akwai damar fita, amma a wane lokaci? Da yammacin ranar da aka fito daga wata jarrabawar. A wannan yammacin kai ya riga ya gaji, ko an buɗe littafi ba abin da zai zauna, kuma abokan da kuke aji ɗaya duk kuna wuri guda, ba sai an sake shiga mota don a haɗu ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce bari a huta yau, a fita gobe. Goben nan ita ce cikakkiyar ranar karatu ta farko, in ta tafi ba ta dawowa.

Shafawi, jarrabawar baki, tana da nata hali. Ta Alƙur'ani musamman, ana bin raƙamul julus ne, wato lambar zaman jarrabawa, mutum yana iya yin awoyi a layi, kuma hadda ba ta son gajiya. Wanda ya kwana hira, da safe zai ji ayoyi masu kama da juna suna shiga cikin juna. Makon da shafawi take, a bar fita gaba ɗaya.

Masu karatun likitanci labarinsu daban ne. Tun 2018 aka mayar da karatun shekara 5 da horo na shekara 2, ana kuma koyar da shi kashi-kashi, kowane kashi da jarrabawarsa a ƙarshe, ga ta aikin hannu a gaban malami. Su ba su da wani dogon lokaci da babu jarrabawa a gaba, don haka jiran a gama ba zai yi musu ba. Daren Alhamis bayan an rufe wani kashi shi ne nasu, tunda Juma'a babu aji. Haka ma ɗaliban jami'o'in kuɗi masu ƙananan gwaje-gwaje a tsakiyar zango, inda sau da yawa wanda halartarsa ta gaza kashi 75 cikin 100 ake hana shi zama jarrabawa. Fashin aji don yawo a can yana da farashi kai tsaye.

Wani ƙaramin abu da ke rikita sababbi: tun 2023 Masar ta dawo da sauya agogo, daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa Alhamis ɗin ƙarshe ta Oktoba. Da sanyi awa 1 ce tsakaninta da Najeriya da Nijar, da zafi awa 2. Idan 'yan gida suka kira da 10 na dare don taya murna, a watan Yuni 12 ta yi a Alƙahira. A gaya musu tun da wuri su kira bayan La'asar ɗinsu.

Shi kansa bikin

Kafin a sayo komai, a san waɗanda ake gayyata. Ɗalibanmu ba ra'ayinsu ɗaya ba kan bikin ranar haihuwa. Darul Ifta, hukumar fatawa ta Masar, tana ganin halaccinsa in an yi shi a matsayin godiya ga Allah ba tare da aikata haram ba, malamai irin su Shaikh Ibn Baz kuwa sun hana. A shaƙƙa ɗaya, wato gidan hayar da ɗalibai ke zaune tare, za ka samu masu bin kowane ɓangare. Kada a mayar da daren jarrabawa daren muhawara. Wanda bai yarda ba a ɗebar masa abincinsa a ajiye, kada a zolaye shi, shi ma kada ya tsaya wa'azi a kan faranti. Da yawa sukan kira abin walima kawai, a ci, a yi addu'a, a tashi, kuma hakan yana kashe rigimar.

Girki a gida ya fi zuwa gidan abinci sauƙi ta kowace fuska a wannan lokacin, in dai ba mai jarrabawa gobe aka ɗora wa tukunya ba. Ga mutum 10, shinkafa kilo 1 da rabi ta isa, kaji 2 a yanka kowace gida 8, tumatir kilo 1, albasa rabin kilo, da mai. Sai dai a lura da shinkafar. Ta Masar gajera ce mai danƙo, in aka yi dafa-duka da ita da ruwan da aka saba zubawa a gida sai ta caɓe. Don dafa-duka a sayi basmati, a wanke, a jiƙa ta minti 20, a rage ruwa, a rufe tukunya sosai a kan wuta kaɗan. Ita kuwa ta Masar ɗin, danƙon nata ya sa babu kamarta wajen tuwon shinkafa, ga mulukiyya a kowane lungu, wadda lalo ce, ga busasshiyar kuɓewa a shagunan 'yan Sudan. Attarugu ne ke wuyar samu, sai a haɗa da shaɗɗa, wato barkononsu, ko yajin da aka zo da shi daga gida. Zoɓo kuwa, wanda suke kira karkade, yana wajen kowane mai kayan ƙamshi tare da citta da kanumfari. Kwatan kilo zai ba da lita 5 zuwa 6. A dafa shi tun daren jiya ya kwana a firji.

Kek ba sai an yi odar mai suna da hoto ba. Shagunan kayan zaƙi suna da torta, wato kek, a shirye, kuma kilo 1 na basbusa ko kunafa ya fi ta arha ya kuma fi ta ƙosarwa. In zafi ne, a guji mai kirim da yawa sai in firjin gidan lafiyarsa ƙalau, a kuma sayo shi ranar da za a ci. Ciwon ciki ana gobe jarrabawa ya fi rashin karatu muni, don haka ko kushari da hawawshi da ake sayowa a waje, a saya inda aka saba. Makon jarrabawa ba lokacin gwada sabon shago ba ne.

Aikin a raba shi tun kafin ranar: mai cefane, mai girki, mai wanke-wanke. Na ƙarshen nan shi ake mantawa, sai a wayi gari kicin a hargitse, mai jarrabawar safe ya rasa ko tukunyar dafa shayi. Kuɗi kuma a yi karo-karo, a tara kafin a je kasuwa, ta hannu ko ta Vodafone Cash. "Ka biya zan ba ka" ita ce ke raba abokai. Tun da aka saki farashin fam, kuɗin Masar, a Maris 2024, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, kaya suka bi ta, naira ma ga halin da take ciki, don haka wanda ya ce ba shi da shi a yarda da shi, a ce ya zo haka nan.

Sai maƙwabta. A Hayyul Ashir da sauran unguwannin Madinat Nasr inda ɗalibai baƙi suka fi yawa, gidajen benaye ne masu iyalai sama da ƙasa, kuma bawwab, wato mai gadin ginin, yana ganin duk mai shiga da fita. Misirawa ba sa kwana da wuri, amma 'ya'yansu ma jarrabawa suke yi a wannan lokacin, musamman masu Sanawiyya Amma, jarrabawar kammala sakandare, wadda gida gaba ɗaya ke ɗaure ciki dominta. Kiɗa mai ƙarfi ko ihun mutum 20 zai jawo a kira mai gida. Abin da ya fi wannan saurin jawo matsala shi ne haɗa maza da mata a shaƙƙar samari. Masu gida da yawa ba sa lamunta, wani ma yana cikin yarjejeniyar haya. In taron na haɗaka ne, a kai shi lambu da rana. Mazauna Madinatul Bu'us ta Abbasiyya kuwa, wato masaukin ɗaliban Azhar baƙi, suna da dokar shiga da fita da ta baƙi, sai a tsara komai a cikinta. Farantin abinci guda da aka miƙa wa bawwab kafin a fara yana sauƙaƙa abubuwa da yawa.

Fita cikin gari

A Alƙahira ba a auna nisa da kilomita, da lokacin da aka fita ake aunawa. Daga Ashir zuwa Darrasa a bas ko mikrobas, tafiyar da za a yi cikin rabin awa da sassafe tana iya cin awa 1 da rabi da yamma. Daga wajen 2 na rana zuwa bayan Magariba hanyoyin Salah Salim da Nasr a cushe suke, daren Alhamis kuma ya fi kowane dare. Saboda haka a cikin jarrabawa, wurin da za a je ya zama wanda ƙafa za ta kai, ko mota ɗaya ba canji.

Ga wanda ya fito daga jarrabawa a Darrasa, lambun Azhar yana nan kusa a kan Salah Salim. An buɗe shi a 2005 a kan wani tsohon juji, daga tudunsa ana hango ganuwar Salahuddin da hasumiyoyin tsohon gari, kuɗin shiga kuma bai taka kara ya karya ba, ko da yake yakan ƙaru a ranakun hutu. Ko kuma a yi sallah a masallacin Azhar, a tsallaka ta masallacin Husain, a bi titin Mu'izz a ƙafa har Babul Futuh. Awa 2 sun isa, ba a kashe komai ba sai kuɗin ruwan rake. A kasuwar Khan Khalili dai a riƙe aljihu, kuma kada a zauna a gidan shayi sai an tambayi farashi, domin na baƙo daban yake. Mazauna Madinat Nasr suna da Hadiƙa Dauliyya a kan titin Abbas Aƙƙad, wadda ta isa a shimfiɗa tabarma a ci abin da aka dafo.

Kwalekwalen faluka a kogin Nilu ya dace da ƙaramin biki na mutum 8 zuwa 10. Da awa ake hayarsa, jirgin gaba ɗaya ba kai-kai ba, a Garden City ko Ma'adi. A gama ciniki a kan tudu kafin kowa ya sa ƙafa, a faɗi awa nawa, a duba agogo tare da mai jirgin, a biya bayan an sauka, da ɗan bakshish, wato tukuici, a kai. Da Janairu iskar kan ruwa tana da sanyi sosai bayan faɗuwar rana, a tafi da rigar sanyi.

Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita ce abin hawa da ba ta san cunkoson titi ba. Layi na 3 ya bi ta Abbasiyya zuwa Ataba, inda ake canjawa zuwa layi na 2 mai zuwa Giza. Akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgi, namijin da ya shiga kuma tara ce. Uber da inDrive suna da amfani in mutum 4 za su raba kuɗin, sai dai farashin yakan haura daidai lokacin da kowa ke son komawa gida.

Duk inda za a je, karne, wato katin ɗalibi, da fasfo mai iƙama, ko aƙalla hotonsu a takarda, su kasance a jiki. Ana tsayar da baƙi a tambaye su, wanda iƙamarsa ta ƙare kuma yana iya kwana a ofishin 'yan sanda, ko da jarrabawa gare shi da safe. Wanda tasa ta kusa ƙarewa ya fara zirga-zirgar ofishin fasfo tun kafin jadawali ya fito, domin aikin yana cin yini guda ko fiye. Kada kuma a ɗauki hoton 'yan sanda, sojoji ko gine-ginen gwamnati, ko da a bayan hoton murna suka faɗo.

Manyan tafiye-tafiye, na hutu ne

Dala ta Giza yini guda take ci. Daga Madinat Nasr sai an ratsa gari gaba ɗaya, a can kuma tafiya ce a rana da rairayi, ga masu raƙuma da dawaki da ba sa gajiya da ciniki. Babban gidan tarihin da aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025 yana kusa da ita, shi ma yini ne. Ɗalibi mai karne da bai ƙare ba yana biyan rabin kuɗin tikitin baƙi a wuraren tarihi, amma manyan cikinsu sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki. A tabbatar akwai mai kati mai aiki a cikin tawagar, sauran su ba shi nasu a hannu.

Iskandariyya tana da nisan kilomita 220 ko kusa da haka, awa 3 a hanya. Ana zuwa a dawo a rana ɗaya in an tashi bayan Asuba: ganuwar Ƙaitbai, babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, kifi a bakin teku, a kamo hanya kafin Isha. Tikitin jirgin ƙasa daga tashar Ramsis yana da farashin baƙi daban, shi ya sa da yawa suke bin bas. Da sanyi ana ruwan sama a can sosai, a duba hasashen yanayi tukuna. Fayyum ta fi kusa, wajen kilomita 100, amma zuwa Wadi Rayyan sai an yi hayar mota ta yini.

Waɗanda aka haifa a Janairu suna da wata sa'a. Baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969, yana faɗowa ne a ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, daidai hutun tsakiyar shekara, kuma tun 2019 a unguwar Tajammu' ake yin sa. Bikin da aka ɗage zuwa wannan makon ya samu wurin zuwa da kyautar da za a saya wa mai ranar a lokaci ɗaya. A je ranar aiki da safe. Ranar Juma'a ko numfashi da ƙyar ake yi a ciki.

A shekaru irin 2025 da 2026 azumi yana faɗowa a farkon zango na biyu, Babbar Sallah kuma a tsakiyar jarrabawarsa, a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Hutun Sallar yakan raba jadawalin gida biyu, kuma darussan da ke bayansa su ne suka fi shan wahala, domin kwana 4 ko 5 suna tafiya a ziyara da cin nama. Ranar Sallah da washegarinta a sake, a rana ta 3 a koma kan littafi. In ranar haihuwar wani ta zo kusa, a haɗe ta da cin naman, tukunya ɗaya ta yi aiki biyu.

Sanyin Janairu yana da haɗarin da ba a cika faɗa wa sababbi ba. Gidajen babu abin ɗumama ɗaki, dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, sai a rufe tagogi ruf, mutane da yawa a ɗaki, wani ya kunna murhun gas ko gawayi don jin ɗumi, wani ya shige wanka da hitar gas a banɗaki marar taga. Iskar da ke fita daga waɗannan ba ta da wari, kuma tana kisa. Ciwon kai da jiri a rufaffen ɗaki alama ce, a buɗe taga a fita nan take. Da Mayu da Yuni kuwa zafin wani lokaci yakan haura digiri 40, ɗakin jarrabawa ba lallai ya kasance da sanyi ba, don haka wanda ya yini a rana jiya zai shiga da ciwon kai. Ruwa, hula, da kwanciya kafin 11.

Daren jarrabawa a haɗa karne, raƙamul julus, biro 2 da kuɗin mota canji a wuri ɗaya, a fita da ƙarin awa 1 a kan lokacin da aka saba. Waya a bar ta a jaka a kashe, domin samun ta a jiki ana iya ɗaukarsa satar amsa ko ba a taɓa ta ba.

'Yan ajin ƙarshe na Azhar su yi hattara da walimar kammalawa da sayen tikitin komawa gida. Natija, wato sakamakon jarrabawa, takan ɗauki makonni kafin ta fito, kuma wanda ya faɗi darasi 1 ko 2 a shekarar ƙarshe sai ya sake rubuta su a jarrabawar da ake kira tasfiya bayan wasu watanni. Ranar da aka ajiye biro a yi 'yar ƙaramar walima, babbar da tikitin jirgi su jira a ga suna a allo, a kuma lissafa da lokacin karɓar shahada, wato takardar shaidar kammalawa, da buga mata hatimi a ma'aikatar harkokin wajen Masar da ofishin jakadanci.